Ƙudan Rairayi da Haƙƙin Mutanen Rido a Kan Masananmu

Duk wanda ya bi hanyar Kaciya daga cikin birnin Kaduna, ya ƙetare kogi, ya wuce Sabon Tasha, har ya hango dogayen bututun matatar man da aka buɗe a 1980, lalle zai ga da idonsa yadda gari yake cin daji. Inda a da gonakin dawa da doya na Gbagyi da mashekarin Fulani suke, yau bulo ne da kwano, wani gida an gama shi an tare, wani an kai shi linta kuɗi sun ƙare an bar shi, ciyawa ta cika ɗakunansa, ɓeraye sun haƙa ramuka a gindin harsashinsa. Rido da Mararrabar Rido, cikin ƙaramar hukumar Chikun, a kan wannan iyaka suke zaune tsakanin birni da daji, kuma cikin shekarun nan na rashin tsaro sun karɓi baƙi masu yawa waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Chikun da Kajuru, suna kwana inda Allah ya hore musu. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne cewa irin wannan wuri, bisa ga abin da ya auku a wasu ƙasashe maƙwabta, shi ne inda cutar da ƙudan rairayi yake ɗauka takan fara ɓulla, kuma haƙƙi ne a wuyan masananmu su je su bincika tun cutar ba ta sanar da kanta a fuskokin yara ba.

Shi wannan ƙwaro, da yawa daga cikin waɗanda ya ciza ba su taɓa ganinsa ba, domin tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, launinsa na ƙasa-ƙasa ne, jikinsa da fukafukansa duk gashi, kuma idan ya sauka yakan ɗaga fukafukan sama a buɗe maimakon ya kwantar da su. Ba ya kuka a kunne yadda sauro yake yi, ba ya tashi da nisa, sai dai ya yi ta ɗan tsalle-tsalle a jikin bango, galibi bai cika wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda aka ƙyanƙyashe shi ba. Macen ce take shan jini, daga faɗuwar rana zuwa ketowar alfijir, domin ƙwanta ya nuna. Babban abin da ya raba shi da sauro, wanda kuma ya sa dabarun da muka saba da su ba su isa ba, shi ne ba ya bukatar kwantaccen ruwa. Yana zuba ƙwansa ne a ƙasa mai ɗan laima da ruɓaɓɓen ganye ko taki, cikin ramin ɓera, da suri, da tsaguwar katangar ƙasa, da gindin juji, da turken dabbobi. Saboda haka mutum yana iya cike duk kududdufin unguwarsu, ya kife duk tsofaffin tukwane, alhali kuwa ƙwaron yana nan lafiya lau a bayan ɗakinsa.

Ƙwayar cutar da yake ɗauka ana kiranta lishmaniya, da sunan likitan sojan Birtaniya William Leishman, wanda shi da Charles Donovan, kowa ta nasa ɓangaren, suka bayyana ta a 1903 daga saifar marasa lafiya na ƙasar Hindu. Amma gyambon da take haddasawa ya daɗe da sanuwa ga likitocin Musulmi na farko, har ana jingina shi ga garuruwan da ya yi ƙamari, kamar Balkh da Halab da Bagadaza. A 1921 ne 'yan'uwan nan biyu, Edmond da Étienne Sergent, da abokan aikinsu a Aljeriya, suka nuna cewa ƙudan rairayi ne sababin gyambon, sa'an nan a 1942 aka tabbatar a ƙasar Hindu cewa shi ne kuma yake yaɗa mai tsanani, wadda take kama saifa da hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa mutum 700,000 zuwa miliyan 1 ne suke kamuwa kowace shekara, ta lissafa nau'in ƙwayar cutar fiye da 20, da nau'in ƙudan da aka sani suna yaɗa ta fiye da 90.

A nan ne mas'alar take da daɗin nazari, domin Allah cikin hikimarsa ya ba kowane nau'i na wannan ƙwaro ƙasarsa da abin da yake sha, ta yadda wanda ya san ƙudan wata ƙasa ya kusa sanin cutarta. A Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa Phlebotomus papatasi ne yake ɗauko cutar daga ɓerayen hamada ya kai wa mutum. A birane irin su Halab da Kabul kuwa Phlebotomus sergenti ne, shi daga mutum yake ɗauka zuwa mutum, shi ya sa yaƙi da cunkoson 'yan gudun hijira suke rura wutarsa. A jihar Bihar ta ƙasar Hindu da Bangaladash akwai Phlebotomus argentipes mai zama a garken shanu da ɗakunan laka, a Kenya da kudancin Habasha akwai Phlebotomus martini mai fakewa a cikin suri. Mu kuma namu, a faɗin wannan sarari da ya taso daga Sanagal ya ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya, shi ne Phlebotomus duboscqi, wanda aka fara bayyana shi a 1906 daga samfurin da aka kamo a ƙasar Mali, kuma mazauninsa ramukan ɓerayen gona ne. Binciken da aka yi a Keur Moussa ta Sanagal cikin shekarun 1970 ya samu ƙwayar cutar a jikin waɗannan ɓeraye da jikin ƙudan da jikin mutane, duk a wuri guda. Sai dai mafi yawan ƙudan rairayin da tarko yake kamawa a ƙasashenmu na wani dangi ne da ake kira Sergentomyia, waɗanda suka fi son jinin ƙadangare, don haka ganin ƙwaron kaɗai bai isa hujja ba, dole sai masani ya ɗora shi a ƙarƙashin madubi ya tantance ko wane ne.

Kada wani ya zaci baƙuwar cuta ce a ƙasar Hausa. Tun a 1911 wani likitan Faransa mai suna Stévenel ya rubuta labarin wannan gyambo a Damagaram, cikin shekarun 1920 kuma aka ruwaito shi a Nijeriya. An sake samunsa a Keana, wadda yau take cikin jihar Nasarawa, a shekarun 1990, daga baya kuma likitocin Sakkwato suka ba da labarin ɓarkewarsa a wata makarantar sakandare ta kwana. Mai karatu ya ɗauki taswira ya duba: Sakkwato tana arewa maso yamma da mu, Keana tana kudu maso gabas, Kaduna tana tsakani, ciyayinta da ɓerayenta da surinta duk irin na wancan sarari ne. Ba na cewa cutar tana Rido. Cewa nake yi babu wani dalili na ɗabi'ar ƙasa da zai sa mu kwanta da zaton ta tsallake mu.

Akwai kuma wani ɓangare na wannan labari da ya shafi Hausawa kai tsaye, ko da yake nesa yake da Kaduna, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Tun zamanin da alhazai suke tafiya Makka a ƙasa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, jama'armu suka yi ta zama a ƙasar Sudan, da yawansu kuma suka gangara yankin Gadarif, suna noma da su a bakin kogin Rahad da Atbara. Wannan yanki yana cikin wuraren da kala'azar, watau lishmaniyar da take kama kayan ciki, ta fi tsanani a duniya. Ƙudan da yake yaɗa ta a can, Phlebotomus orientalis, yana zaune ne a dajin dushe da aduwa, a kan baƙar ƙasa mai laka wadda take dardarewa da rani, ya ɓuya cikin tsaguwarta da rana, ya fito da dare ya sami manomi ko makiyayi kwance a waje saboda zafi. Wanda ya kamu sai zazzaɓi ya ƙi sauka mako bayan mako, ya rame, jininsa ya ƙare, saifarsa ta kumbura har ta cika masa ciki, kuma idan ba a yi magani ba fiye da kashi 95 cikin 100 mutuwa suke yi. A yammacin lardin Upper Nile, a kudancin Sudan ta wancan lokaci, tsakanin 1984 da 1994, cikin yaƙin basasa, ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta ƙiyasta cewa cutar ta kashe mutum wajen 100,000 daga cikin jama'ar da ba su wuce 280,000 ba, wasu ƙauyuka har ba a bar wanda zai ba da labari ba. Masu bincike na Jami'ar Khartum sun bi ƙauyuka biyu a bakin Rahad, Mushrau Koka na Hausawa da Um Salala na ƙabilar Masalit, suka ga cewa ko da yake ƙudan yana cizon duka biyun, waɗanda cutar ta kwantar a ƙauyen Hausawa sun fi ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma cikin dalilan da aka yi bahasi a kansu har da bambancin abinci da wadata. Fa'idar da nake ɗauka daga wannan ita ce yunwa abokiyar aikin ƙudan ce, domin jikin da ya ƙoshi yakan danne ƙwayar cutar, wanda tamowa ta raunana kuwa ita take danne shi. Yanzu da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tura ɗimbin mutane zuwa Gadarif, 'yan'uwanmu na can suna bukatar addu'armu, kuma likitanmu na nan yana bukatar ya riƙa tambayar mai doguwar zazzaɓi inda ya fito.

To amma misalin da ya fi kama da Rido yana Wagadugu ne, babban birnin Burkina Faso. A tsakiyar shekarun 1990 hukuma ta buɗe sabuwar unguwa a kudancin birnin, aka sa mata suna Ouaga 2000, aka sare daji, aka tone ƙasa, aka tada ɓerayen da suke zaune a wurin tun fil azal. Daga 1996 sai gyambo ya fara bayyana a jikin mutane, cikin shekara uku aka rubuta fiye da mutum 1,800 a asibitocin birnin, har jama'a suka riƙa kiran cutar da sunan unguwar. Ba a shigo da ƙudan daga wata ƙasa ba, kuma ba a shigo da ɓerayen ba. Mutane ne suka kai shimfiɗarsu inda su biyun suka daɗe suna mu'amala. A Ghana kuma, daga 1999, gyambon ya ɓulla a yankin Ho, ƙasa mai damshi da itatuwa wadda tsohuwar taswira ba ta sa ta cikin wuraren haɗari ba, da aka kafa tarko kuwa sai aka tarar ƙudan da aka saba zargi ƙalilan ne ƙwarai a wurin, har masana suka koma neman wani mai ɗaukar cutar. Wannan ya isa ya nuna mana cewa taswirar da aka zana shekaru da dama da suka wuce, kafin birane su faɗaɗa, kafin dazuzzuka su koma gawayi, ba abin da za a dogara da ita ba ne har abada.

Bari in siffanta gyambon kansa, domin a nan ne talaka yake asarar kuɗinsa. Makonni ko watanni bayan cizon, lokacin da mutum ya riga ya manta, sai ɗan ƙurji ja ya fito a inda tufa ba ta rufe ba, a hannu, ko ƙafa, ko kunci, ko goshi. Ba ya cika ciwo. A hankali yake faɗi, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi ya bar rami mai tasasshen baki zagaye da shi, tsakiyarsa jajur, wani lokaci guda ɗaya, wani lokaci biyar ko shida. Uwa ta kai yaron kemis, a ba ta kafso da man shafawa na ƙwayoyin cuta na yau da kullum, waɗanda ba su da tasiri a kan wannan ƙwaya ko kaɗan. Ta koma a canza mata wani. Daga nan a ce a gwada saiwa, wani ya ƙona wurin, wani ya zuba abin da yake cin nama, har gyambon da zai warke da ƙaramin tabo ya zama babba. Idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai zato ya koma kan sammu ko iska, a fara kallon kishiya ko maƙwabciya da wani ido. A Rido kuwa, inda jama'a suka daɗe suna kai kuka game da hayaƙi da gurɓatar ruwa, ba abin mamaki ba ne duk ciwon fata a jingina shi ga wannan, kuma kukansu abin saurare ne. Sai dai kowace illa tana da sababinta, haɗa su wuri guda yana hana a yi wa kowace maganinta. Irin gyambon ƙasashenmu galibi yakan warke da kansa cikin watanni, amma yana barin tabo na har abada, kuma duk wanda ya san al'adarmu ya san abin da tabo a fuska yake jawo wa yarinya a makaranta da lokacin aure. Wannan cutarwa ba ta shiga lissafin mace-mace, shi ya sa masu rabon kuɗin lafiya ba sa ganinta.

Na san abin da mai hankali zai ce: zazzaɓin cizon sauro yana kashe mana yara kullum, ga tamowa, ga kwalara, ga matan da suke mutuwa wajen haihuwa, ina dalilin ɗauke ido daga waɗannan zuwa ga gyambon da ba ya kisa, a garin da ba a ma tabbatar yana nan ba? Wannan magana tana da nauyi, kuma da abin da nake nema asibiti ne ko wata sabuwar hukuma, da na yi shiru. Abin da nake nema kuwa aikin da ɗalibi guda da malaminsa za su iya yi ne. Ana kama ƙudan rairayi da farar takarda da aka shafe da man zurma, a soke ta a tsinke, a kafa a bakin ramin ɓera ko gindin suri ko tsaguwar katanga da magariba, da asuba a zo a tattara, a tsince ƙwarin da suka manne da ɗan buroshi, a zuba a kwalba. Wanda ya sami tarko mai fitila da batir ya ƙara da shi. Idan aka yi haka wata-wata har shekara ta zagayo, a cikin Rido da Mararraba da ƙauyukan da suke bakin kogin Romi, sa'an nan aka duba ɓerayen da aka kama, za a san wane nau'i ne yake nan, a wane wata yake yawa, kuma ko yana ɗauke da ƙwayar cutar.

Kuma babu garin da ya fi Kaduna cancantar yin wannan aiki a duk Arewa. A nan ne aka kafa cibiyar binciken cutar barci da sammore ta Afirka ta Yamma a 1947, mai reshe a Vom, wadda har yau take aiki a matsayin cibiyar Nijeriya, kuma masananta sun shafe shekaru suna bin ƙudan tsando rafi-rafi suna zana iyakarsa. A ƙasar Zazzau ne aka yi aikin Anchau tun daga ƙarshen shekarun 1930, aka share bakin rafuka, aka gina garin Takalafiya, domin a raba mutane da ƙudan da yake kashe su. A ƙauyukan jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka gwada maganin makantar kogi a ƙarshen shekarun 1980, sakamakon ya amfani Afirka baki ɗaya. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga Jami'ar Jihar Kaduna a cikin gari, kowace tana yaye ɗaliban ilmin ƙwari da na likitanci duk shekara, suna neman abin da za su yi bincike a kansa. Malamanmu na fiƙihu sun sanya ilmin likitanci cikin farillan kifaya, watau wanda idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kuwa laifin ya hau kan duka. Kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya sami lokacin yin talifi a kan magunguna da cututtuka irin su basur da ciwon ido. Sanin ƙwaron da yake kwana da jama'a a ɗaki yana cikin wannan farilla, ba na shakka. Bangaladash a 2023 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ta kawar da kala'azar daga matsayin annoba, kuma ta kai ga haka ne da sanin ƙudanta, da feshin ɗakuna, da neman marasa lafiya gida-gida.

Kafin masana su iso, akwai abin da maigida zai iya. Gidan sauro na da, marar magani, ƙudan rairayi yana ratsa idonsa saboda ƙanƙanta, amma mai magani da ake rabawa a asibiti yana kashe shi ko ya kore shi, muddin ana kwana a ciki, har da lokacin bazara da ake fitowa tsakar gida. A yaɓe tsaguwar bango, a toshe ramukan ɓera, a matsar da juji da turken awaki nesa da ɗakin kwana, masu kangon da suka bari kuma mai unguwa ya matsa musu su riƙa share shi. Ma'aikatan ƙananan asibitocin Chikun su ma a koya musu siffar gyambon, a ba su umarni cewa duk gyambon da ya wuce wata guda bai warke da maganin da aka saba ba, a rubuta sunan unguwar mai shi, a tura shi inda za a kankari bakin gyambon a duba a madubi. Gwajin ba ya bukatar abin da ya wuce ɗan gilashi da rini da ƙwararren ido, kuma littafin da za a riƙa rubuta unguwannin a ciki, idan aka kiyaye shi shekara biyu ko uku, shi zai nuna wa masu kafa tarko inda za su fara.